Harafin da Baffa Ya Ƙi Haɗiyewa

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar ɗari, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ban taɓa ganin ƙofar gidansa da jama'a haka ba, ko ranar da ya aurar da 'yarsa ta fari. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun taso daga tasha da baƙin mai a hannuwansu, maƙeran azurfa sun rufe rumfunansu. Wani tsoho mai lambu ya zo tun daga Timiya da kwandon lemu, shi dubiya ya zo yi, bai san an yi rasuwa ba. Da aka gaya masa sai ya ajiye kwandon a zaure ya zauna kusa da shi har la'asar.

A cikin gida, wajen mata, kowace da abin da take tunawa. Wata ta ce shi ya tsaya mata har aka mayar mata da 'ya'yanta bayan an sake ta. Wata ta ce ya taɓa korar ta daga biro ɗinsa, wato ofis, don ta roƙe shi ya ƙara wa maganarta gishiri, ta yi shekara tana fushi da shi, ga ta yanzu ta fi kowa kuka. Matarsa tana zaune a kan tabarma da carbi, ta ce, "Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, ban taɓa ce mishi 'an ce' ba, bai tambaye ni wa ya ce ba." Mata suka yi dariya suna share hawaye.

Innata kuwa ba ta zo ba. Da na je na gaya mata, na tarar tana tsince gero a faifai. Ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ta ci gaba da abin da take yi. Shekara talatin ke nan Inna ba ta amsa sallamar Baffa. Dalilin wannan gabar shi ya sa na ɗauki bik nake wannan rubutu, don ina tsoron a yi ta yabonsa har a manta da wane irin mutum ne.

Ba jini ya haɗa mu ba. Aminin mahaifina ne, a lungu ɗaya suka tashi cikin tsohon gari, mu kuma muka buɗe ido muka ji ana ce mana ku gai da Baffanku. Baffanmu na jini, wanda suke uba ɗaya da Baba, shi ƙanin Baba muke ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Aikin Baffa tsaya wa mutane a gaban shari'a, abin da mu nan muke ce wa aboka, masu rediyo kuma su ce lauya. Gari duka Metir suke kiransa. Ya yi karatu mai nisa, ya yi wasu shekaru yana aiki a Yamai, sannan ya tattara ya dawo Agadas, wai ƙirjinsa bai saba da danshin kogi ba. Gaskiyar maganar ita ce tsohuwarsa ta ƙi barin unguwarsu, shi kuma ya ƙi barin ta.

Baƙar rigar aikinsa a cikin jakar fata take zama, ɗaure a bayan wata tsohuwar mobilet, irin ƙaramin babur, da ake jin ƙararta tun daga kasuwa. Ba ya sa ta sai ya shiga jastis, wato kotu, yana fitowa kuma zai tuɓe ta kafin ya gaisa da kowa. Na taɓa tambayarsa ko zafi yake ji. Ya ce, "A'a, ɗiyata. In na sa ta, bakina ba nawa ba ne, na wanda ya ɗauke ni ne. In na tuɓe ya dawo nawa. Ba ni son in gai da mutane da bakin aro."

Yana da wata tambaya da ta ishi kowa. In ka kawo masa labari, sai ya ce, "Ka gani, ko ka ji, ko an ce maka?" Wata damina na shigo da gudu na ce masa rafin bayan gari ya kawo ruwa. Ya ce na gani? Na ce kowa yana faɗa. Ya ce to in je in gani in dawo. Na tafi ina ƙunƙuni, na dawo da laka har gwiwa, ya dubi ƙafafuna ya ce, "Yanzu na yarda." Mu yara har waƙar tsokana muka yi masa da tambayar nan, ya ji kuma, abin da ya gyara mana kawai shi ne mun juya jerin kalmomin.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada a yi masa ƙarya don ya mutu. Bai iya lallashi ba. A wajen wani suna, maroƙi ya shiga yi masa kirari, yana cewa jikan mai raƙumi ɗari. Baffa ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ce, "Bakwai ne, ɗaya ma gurgu." Maroƙin bai sake kallon inda yake ba. Amma kuma duk Alhamis za ka ga mobilet ɗin nan a ƙofar gidan kaso da buhun burodi. Baƙin da hanyar hamada ta jefo gari, waɗanda ba su da kowa, ba su ma jin yaren kowa, da yawa shi ya tsaya musu, kuma bai taɓa ba da labarin ba. A wajen makoki na ji yawancinsa.

Baba kuwa akasinsa ne. Direban kamyo ne mai yawan surutu da dariya, yana kai gero Fachi da Bilma, ya dawo da gishiri da dabino. In ya faɗi nisan hanya sai ya ninka, Baffa ya rage, su yi ta musu a kan shayi. Baba yakan ce, "Ni Allah ya gama mini komi, ina da aboki da aboka cikin riga guda."

Suna da al'ada. Duk safiyar da Baba zai yi tafiya, Baffa zai zo gidanmu su sha shayi a gindin kurnar da ke tsakar gida. In Baba ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya nuna Inna da haɓa ya ce, "To, na bam mata gida, ka riƙa leƙo su." A bakinmu na nan, "bar mata" haka yake fita, "bam mata", ra ɗin ta narke ta zama mim. Mun ji wannan magana sau ba adadi, ba wanda ya taɓa ɗaukar ta da nauyi.

Tafiyarsa ta ƙarshe ina lakwal, makarantar boko, shekaruna goma sha shida. Mutum uku ne a gidan da safen nan: Baba, Inna da Baffa. Zazzaɓi ya kama Baba a hanya, aka binne shi kusa da Fachi. Abokan tafiyarsa suka kawo mana rawaninsa da makullin ɗakinsa.

Mu uku ya bari, duka mata. Tun da babu namiji, ƙanin Baba yana da rabo a gado, kuma kamyon ba na Baba ba ne, gidan nan shi ne duk abin da ya bari. Ba zan ce ƙanin Baba mugu ba ne. Yana da 'ya'ya tara, yana cushe da su a ɗaki biyu a gidan surukansa. Da Inna ta fita takaba ya zo ya ce a fitar masa da nasa. Inna ta ce babu abin rabawa, don mijinta ya ba ta gidan kyauta a safiyar da ya tafi, a gaban Metir. Dattawan dangi suka zauna sau uku, abin ya ƙi, magana ta kai jastis.

Ni na raka Inna biro ɗin Baffa. Ɗaki ne ƙarami da tabur da kujeru uku, jakar fatar nan tana rataye a ƙusa. Bayan gaisuwa Inna ta ce, "Metir, na zo ka sa rigarka ka tsaya mini. Kuma kai ka ji abin da abokinka ya hwaɗa, sai ka hwaɗa musu."

Ya ce, "Uwargida, abu biyu kika roƙa. Guda za ki samu."

"Don mi? Ba bakinka guda ba ne?"

"Shi ya sa. Mai baƙar riga aikinshi shi jawo komi wajenki. Mai shaida aikinshi shi ajiye magana yadda ya tsince ta. In na yi duka biyun, alƙali ba zai san da wane nike mishi magana ba, ƙanin mijinki kuma ba zai san wa zai yi ma tambaya ba. Dokar aikinmu ba ta yarda ba. Ko wajen malamai kika tahi, ba su karɓar shaidar wakili cikin abin da aka wakilta shi."

"Ni ban san dokarku ba. Na san mijina ya ce ka riƙa leƙo mu."

"Ina leƙowa. Amma sai kin zaɓa."

Inna ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Aboka ana samu ko a garin Tawa. Wanda ya ji maganar mijina kai kaɗai ne."

Ya ce, "To ki sani, abin da na ji zan hwaɗa, yadda na ji shi."

Ta ce, "Ai shi nike so."

Ya daɗe yana kallon ta. A lokacin na ɗauki kallon nan girman kai ne irin na 'yan boko. Ya yagi takarda ya rubuta mana sunan wata aboka a Tawa, mace mai shekaru, ya ce ba ta wasa da aiki. Da ta iso gari ya sa matarsa ta aika mata abinci, amma ya ƙi zama da ita ko na minti ɗaya a kan maganarmu. Ya ce mai shaida ba ya zuwa a koya masa, ba ya kuma koya wa kowa.

Ranar shari'a ya zo da farar riga, ba jaka, ya zauna a benci cikin jama'a. Waɗanda suka saba ganinsa a gaba suka yi ta waige. Da aka kira shi aka rantsar da shi, sai ya roƙi a bar shi ya yi magana da Hausa, shi da ya fi kowa a ɗakin Faransanci. Ya ce da Hausa aka yi maganar, da Hausa zai mayar da ita.

Ga yadda ɗakin yake, don a gane abin da ya faru. Alƙalin daga yammacin ƙasa aka kawo shi, Hausarsa ta gaisuwa ce. Malamai biyu da ke zaune gefensa don taya shi a kan sha'anin gado suna jin Hausa, ba su jin Faransanci. Ƙanin Baba bai ɗauki aboka ba, shi ma ba ya jin Faransanci. Tafintan kuwa saurayi ne baƙo, a kasuwa ya koyi Hausarsa.

Baffa ya ce, "Ya miƙe, ya kai bakin ƙohwa, ya ce, 'Gidan ga na bam mata.'"

Tafinta ya juya ya gaya wa alƙali da Faransanci cewa mamacin ya ce ya ba ta gidan. Kunnensa "na ba mata" ya ji. Kalmar da ya faɗa ita ce donné. Magatakarda ya rubuta. Na ga abokarmu ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ɗan Faransancin lakwal ɗina ya ishe ni in gane an gama, gida ya zama namu. Na matse hannun Inna.

Sai Baffa ya ɗaga yatsa. Ya ce wa alƙali, "Pardon. Pas donné. Laissé." Wato ba bayarwa ba, bari. Ya juya wajen tafinta ya ce masa a hankali, "Ɗana, ba 'ba mata' na ce ba. 'Bam mata', mim biyu. Ba laihinka ba ne, bakinmu ne haka."

Magatakarda ya ja layi a kan abin da ya rubuta. Har yau ina jin ƙarar bik ɗin nan a kan takarda.

Alƙali ya tambaye shi ko mamacin ya taɓa faɗin irin wannan magana a baya. Ya ce kowace tafiya. Ya tambaye shi ko akwai abin da ya bambanta wannan karon. Ya ce abu biyu: mamacin ya dafa bango da tafin hannunsa yana maganar, kuma bai ƙara da "ka riƙa leƙo su" ba, shiru ya yi ya fita. Alƙali ya ce to shi me ya fahimta. Baffa ya ce, "Ina da zato, kuma zatona shina wajen matar ga. Amma an rantsar da ni kan abin da na ji da abin da na gani. Ban shiga zuciyarshi ba."

Abokarmu ta yi iya ƙoƙarinta a kan hannun nan da aka dafa a bango, ta yi magana har muryarta ta dushe. Amma dafa bango ba kyauta ba ce a wajen shari'a. Aka yanke cewa gida gado ne, a raba.

A bakin ƙofar jastis Baffa ya nufo mu. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mijina ya ce shina da aboki da aboka cikin riga guda. Yau na duba rigar, ba kowa ciki." Ta ja hannuna muka wuce. Da muka isa gida ta tara mu ta ce, "Ubanku ba ni ya yi. Na ji da kunnena." Muka yarda da ita, don uwarmu ce, kuma muna ganin abin da aka yi mata.

Bayan wata biyu magina suka zo suka ja katanga a tsakar gidanmu. Kusurwar gabas ta faɗa wa ƙanin Baba, da ɗakin Baba a ciki, da kurnar. Inna da kanta ta miƙa makullin. Muka koma muna jin hayaniyar 'ya'yan wasu a inda Baba yake shan shayi. Na tsani Baffa a shekarun nan, tsana ta gaske, ba zan ɓoye ba.

Shi kuwa Juma'ar da ta biyo bayan shari'a, ana saukowa daga masallaci, sai ga ƙarar mobilet a ƙofarmu. Ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Ya ajiye ƙullin dabino a dokin ƙofa ya tafi. Inna ta ce in mayar masa. Na bi shi da gudu, na cim masa a bakin lungu, na watsa masa dabinon a ƙasa a gaban mutane. Ya kashe mobilet, ya sauka, ya tsugunna yana tsincewa ɗaya ɗaya, yana hure musu ƙasa yana zubawa a aljihu. Da ya gama ya ce, "Ki gai da Innarki."

Juma'a ta gaba ya dawo. Haka ya yi ta yi, wata rana dabino, wata rana lemu ko rumman na Timiya, wata rana sallamar kawai. Inna ta gaji da mayarwa, ta koma ba wa maƙwabta, amma ko sau ɗaya ba ta kai bakinta ba. Ranar ɗaurin aurena ba a gayyace shi ba. Ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma cikin baƙi, aka shafa fatiha da shi, ya tashi ya tafi.

Abin dariya, ni da na tsani ɗakin shari'ar nan, a cikinsa na ƙare. Na zama tafinta a jastis. Sai ga ni tsaye ina juya maganar mutane, Baffa yana gabana da baƙar riga, yana gyara mini kamar yadda yake gyara wa kowa. Madam tafinta yake ce mini a wajen aiki. Shekara biyu muna haka, gaisuwa kawai. Wata rana an tashi daga zama, na same shi a baranda yana naɗe rigarsa, abin ya taso mini. Na ce, "Baffa, da ka yi shiru na minti guda. Ba ƙarya za ka yi ba. Wani ya yi kuskure, kai shiru kawai za ka yi."

Ya gama naɗe rigar ya sa a jaka kafin ya amsa. Ya ce, "Da da wagga riga nike rannan, ina jin da na sunkuyar da kai ni ma. Na san kaina, ina son Innarki ta ci. Shi ya sa na baro ta gida."

Na ce, "To wa ka taimaka? Abokinka ya mutu, matarshi ka kayar."

"Ya mutu, shi ya sa. Ba shi da bakin da zai tashi shi gyara maganarshi. Abin da ya rage hannuna nashi kalmomin nan ne biyar. In na bari aka canza su ina tsaye, na sa shi ya hwaɗi abin da bai hwaɗa ba."

"Inna ta ce ba ta ya yi."

Ya ce, "Ban san abin da Innarki ta ji ba. Kunnena na sani."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kanta ke nan. Bai taɓa cewa ta yi ƙarya ba, a gabana ko a bayan idona. Bai kuma taɓa cewa a yi haƙuri ba, wannan kuwa har yau ina riƙe da shi a kansa. Kalma ɗaya mai taushi a bakin ƙofar jastis da ta rage wani abu. Bai iya ba, ko bai ga dalili ba. Na faɗi wannan ne don ba tsaya masa na zo yi a rubutun nan ba.

Na bar barandar nan da fushina, amma aiki ya yi ta cin sa a hankali. Wata rana ni ma na juya wata kalma ba daidai ba, a shari'ar wata mata da nake tausayi, kuma kuskuren ita ya taimaka. Ba wanda ya lura. Na yi jimla biyu gaba, sai na tsaya na ce wa alƙali a koma baya, na yi kuskure. Baffa yana benci yana jiran tasa shari'ar. Bai dube ni ba. Da aka tashi ya wuce ta gabana ya ce, "Sannu da aiki, ɗiyata." Ranar ce kaɗai ya kira ni haka a wajen aiki.

Duk da haka ban taɓa ce masa na yarda da shi ba. In na yarda da shi, na ƙaryata uwata. Na zauna a tsakani shekara da shekaru, ina gai da shi a jastis, ina yin shiru in Inna ta ce wa jikokinta, "Kakanku ba ni ya yi, aka ƙwace."

Da tsufa ya kama shi ya ajiye aiki, mobilet ma ta mutu, sai ya koma zuwa a ƙafa da sanda. Daga baya ɗansa yake kawo shi a mota, ya yi sallamar daga ciki. Juma'ar farko da bai zo ba, ina gidan. Inna ta yi ta kai da kawo a tsakar gida, da la'asar ta ce mini, "Yau ba Juma'a ba ce?" Na ce Juma'a ce.

Na je dubiya kwana huɗu kafin ya cika. Ya rame, muryarsa ta yi ƙasa. Ya tambaye ni ko kurnar nan tana nan. Na ce tana nan, har ta yi reshe ta tsallako katanga wajenmu, bana ta yi 'ya'ya sosai. Ya buɗe ido ya ce, "Kin gani, ko an ce miki?" Na ce na gani, har na ci. Ya yi murmushi. Na so in gaya masa abin da ke raina, sai matarsa ta shigo da kunu, na ce sai wani zuwan.

Ranar sadakar uku da safe na biya gidanmu. Na tarar Inna ta yi wanka ta sa baƙin zanenta na fita, tana neman takalmi. Ta ce, "Kama ni mu tahi." Ban tambaye ta ina ba.

Da muka shiga, mata suka yi tsit, don ba wadda ba ta san labarin ba. Matar ƙanin Baba ma tana wurin. Inna ta zauna gaban matar Baffa ta yi mata gaisuwa yadda ake yi, aka amsa. Wata tsohuwa, don ta cike shirun, ta ce ai kowa ya yi wa Metir kyakkyawar shaida. Inna ta ce, "Ni ma ina da tawa."

Ta gyara zama. Ta ce, "Ya sa an raba mini gida, ban kuma yahe mishi ba shina da rai, wannan tsakanina da Allah ne. Amma ran nan ina tsaye bakin randa. 'Gidan ga na bam mata,' haka mijina ya ce. Na ji shi sarai. Na san abin da yake nuhi, Metir ma ya sani, amma abin da ya hwaɗa ke nan. Shekara talatin ina jiran mutumin ga shi ce na yi ƙarya in samu abin riƙewa, bai ce ba."

Matar Baffa ta miƙa hannu cikin kwandon da tsohon nan na Timiya ya bari, ta ɗauko lemu ɗaya ta ajiye a gaban Inna. Inna ta dube shi, ta ɗauka, ta ɓare da farcenta, ta ci a gaban kowa.

A hanyar komawa tana dafe da kafaɗata, muna tafiya a hankali. Ni kuka nake yi, na Baffa da na kaina, don na bari ya tafi ban ce masa komai ba. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da aka shaida a kansa ya tsaya masa a inda ba mai tsaya wa wani, ya haɗa shi da amininsa a inuwa mai sanyi.

Da muka kai ƙofar gida Inna ta tsaya tana numfashi, ta dafa bango. Ta ce, "An ce kina rubuta labarinshi."

Na ce, "Ina yi, Inna."

Ta ce, "To in kin zo wajen maganar ubanki, ki sa mim biyu."